Na Buga Wa Ƙofar Baya Ƙusa

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa mai sanyi bayan doguwar tafiya, mai garinmu kuma mai zuciyata,

Ranka ya daɗe. Haka jama'a suke ce maka, ni ma yau haka zan ce, don sunan da nake kiran ka da shi idan muna mu biyu ya maƙale mini a wuya tun ranar Laraba. Haushinka nake ji har cikin ƙashina, kuma son ka bai ragu ko da ƙwayar gero ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ka tuna yammacin da na gaya maka ina ɗauke da cutar ƙanjamau? Kana zaune kan turmi a bayan rumfar abincina, na ajiye kwalbar maganina a gabanka, na sunkuyar da kai ina jira ka tashi ka tafi. Ba ka tashi ba. Ka jawo kwanon da nake ci, ka sa hannu, ka ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ranar nan zuciyata ta yi kamar busasshiyar gona da ruwan farko ya sauka a kanta. Da ƙafarka ka je asibiti aka yi maka bayani. Ka san ba a ɗauka ta kofi, ko kwano, ko gaisawa. Duk garin nan babu wanda ya fi ka sani.

Da zance ya fita, tukunyar shinkafata ta riƙa komawa gida cike. Masu lodin mota da suke damu na da "Uwar ɗaki, ƙara miya mana," yanzu ta bayan rumfar mai walda suke zagayawa. 'Yata ta dawo daga rijiya tana kuka, mata sun hana ta taɓa guga. Shi ya sa ranar Laraba malamar asibiti ta tara ku a filin makaranta, kai da liman da masu unguwanni, jama'a maƙil. Abu ɗaya ta roƙa: in sha ruwa a kofi, in miƙa wa shugabanni su sha, kowa ya gani da idonsa. Na yarda na tsaya gaban gari ne don kai ka ce mini, "Ki miƙo mini, ni zan fara."

Na miƙa maka da hannu biyu, har da rusunawa. Ka dubi kofin, ka dubi baffanninka da ke zaune a sahun gaba, ka gyara zaman hula, ka ce, "Ayya, yau ina azumi."

Azumi? Kai da ka shigo ta ƙofar baya da hantsi ka share kwano biyu, har ka nemi ƙanzo? Man miyata bai gama bushewa a gemunka ba! Liman, tsohon nan, shi ya karɓa ya shanye, ya ce, "Ruwa ne dai kamar kowane ruwa." Allah ya saka masa da alheri. Amma ba liman ake kallo ba, kai ake kallo. Da kunnena na ji wata a bayana tana cewa, "Kin gani ko? Shi ya san abin da ya sani."

Ba ni kaɗai ka kayar ba. Akwai wata baiwar Allah da ba zan faɗi sunanta ba, wata uku ina lallashin ta ta je gwaji. Jiya ta aiko mini ta fasa, gara ta mutu da mutuncinta.

Farin watana, tauraron da nake duba in gane hanya, wane irin so ne wannan da ba ya iya fitowa rana? Ka ce za ka aure ni bayan girbi. Ranar ma azumi za ka ce kana yi? Ina kewar tarinka a bakin ƙofa, ina kewar ƙorafinka kan gishiri, ina dafa abinci in tarar na zuba kwanonka ban sani ba. Duk da haka ban yafe ba tukuna.

Asabar kasuwa take ci. Zan ɗora tukunya kamar kullum, in goge benci, in ajiye kofin nan a kai. Ka zo da rawaninka da rana tsaka, ka zauna inda masu lodi za su gan ka, ka ci da hannu. Kada ka wahalar da kanka zagayawa ta lungu. Jiya na kira kafinta ya buga wa ƙofar baya ƙusa shida. Ƙofa ɗaya ta rage mini, kuma kasuwa take kallo.

Taka ce ni, jiya da yau da ranar da za a rufe ni da ƙasa, ko ka zo ko ba ka zo ba. Amma ka zo.

Mai abincinka