Mutanen Bankin Nan Suna Jiranka

Ƙanwarka Talatu ke rubuta mini, amma ni uwarka ke magana.

Sani, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Hadiza da yara? Ƙafar tata ta warke? Mu nan Kakuri lafiya lau, sai kewa.

Littafin nan da ka fara karanta mini ka tafi, na ɓarayin da suka tsare mutane a banki, Talatu ta ci gaba da shi. Maman Ngozi mai shago ma kujera take jawowa. Ita dai, "Hajiya, 'yan sanda su fasa ƙofa kawai!" Na ce, "Don ba ɗanki a ciki ne." A littafin akwai wata tsohuwa tsaye bakin titi da kwanon abinci, ɗanta na ciki. Ran Juma'a har ƙosai na yi sadaka saboda ita. Maman Ngozi ta yi ta dariya, wai mutanen takarda ne, amma da ita aka cinye.

Da littafin ya rage kaɗan na ce a rufe. Talatu ba ta iya muryar ogan ɓarayin ba, kai ne kake yi har gabana ya faɗi. Kai ka fara, kai za ka ƙarasa. Ka ce sai Sallah, ga Sallah ta wuce. Mutanen nan na tsare, Sani. Tsohuwar na nan tsaye, abincin sai hucewa yake.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Hadiza. Talatu, aje biron, na gaji.