Ranar da Kawu Sale Ya Nemi Gafarar Gida

Unguwar Kanawa, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina sanyin Jos? Yaya Ladi da yara suna lafiya? Mu nan kalau, sai kewarku.

Labarin Kawu Sale zan ba ka. Rashin barcin nan da firgitar da ya dawo da su daga yaƙi sun ƙaru, sai na raka shi asibiti, yana sa ran allura kawai. Likita ya ce, "Malam Sale, jikinka lafiya. Zan tura ka Zariya wurin likitan ƙwaƙwalwa."

Muna dawowa Kawu ya kyautar da kekensa, wanda yake goya mu a kai zuwa bakin kogi muna yara, ya bi ɗaki-ɗaki yana neman gafara. Ashe ya ɗauka ɗaure shi za a yi a mari, ba dawowa. Inna ta yini tana kuka.

Na koma na gaya wa likita. Ya riƙe baki, wai shi a zatonsa albishir ya yi mana. Da yamma sai ga shi har zaure, ya ce wa Kawu, "Hira za ku yi, a ba ka magani, ka kwana a gidanka."

Haka kuwa aka yi. Bai warware duka ba tukuna, amma jiya na ji yana wa yara tatsuniya da muryarsa ta da. Na laɓe bayan ƙofa ina saurare, na kasa shiga.

A sa shi a addu'a. Inna tana gaishe ku, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Binta