Bugu Uku a Ruwan da Babu Dorina

Zuwa ga yayana Arzika, ɗan Malam Noma mai fito,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, in dai akwai kai ɗin da za ta sama. Ni ne Bawa. Ka bar ni ban iya riƙe filafilin tuƙa jirgi ba, yanzu 'ya'yana huɗu, kuma ni ke fito a magama, inda Gulbin Kabi ke faɗawa Kwara. Na rubuta da boko, na sa liman ya kwafa da ajami, don ban san wanne ya rage a kanka ba. Duk wanda ta faɗa hannunsa kafin kai, ya karanta, ba sirri ba ne kuma.

Ka tuna ranar da aka ɗebe ku soja zuwa yaƙin Bama, can gaba da Indiya? Ka tsaya a mashigi da sabon wando mai kama da buhun gero, kana ta dariya, ka ce wa Inna, "Ruwa na za mu ƙetare, Inna, mi ab baƙo gare ni?" Ashe ruwan ba irin wanda ake hango gaɓarsa ba ne.

Da yaƙi ya ƙare, Kofur Manu na Sharabi, wanda kuka tafi tare, ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa gaban Inna ya ce zazzaɓi ya kashe ka a asibitin soja a Indiya, an yi maka sutura, an binne ka kamar kowane Musulmi. Muka yi zaman makoki. Baba bai daɗe ba ya rasu. Inna kuwa, tun daga nan kowace Juma'a sai ta toya masa ta raba wa yara sadaka da sunanka. Shekara goma sha wani abu ba ta taɓa fashi ba, ko a shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa.

Ba zan ɓoye maka ba, mun saba da mutuwarka. Ta zauna mana daidai.

Sai shekarar da aka sauke tutar Bature. Manu ya shigo jirgina zai ƙetara cin kasuwar Dole Kaina, ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Da muka kusa layin da ruwan biyu ke haɗuwa, na yi abin da Baba ya koya mana: na ɗaga filafili na bugi gefen jirgi sau uku, don dorina ta san da mutane ta ba da hanya. Ban ajiye hannu ba na ga Manu ya dafe kai yana kuka, ƙato da shi, a gaban mata masu kai kifi kasuwa.

A tudu ya ja ni gefe. "Bawa, ƙarya niy yi ma Inna. Arzika bai mutu gabana ba. Ɓacewa yay yi daga asibiti."

Ya ce a hanyarsu ta komowa, motocinsu sun tsaya a wani ƙauye inda koguna biyu suka gamu, ɗaya fari-fari, ɗaya kore. Wurin ibadar Hindu ne. Mutane kamar ƙasa, wasu sun yi wata suna tafe a ƙafa, tsofaffi a goye. Ana aske kawuna a bakin ruwa, ana kaɗa ƙararrawa, shanu na yawo cikin jama'a ba mai ce musu kanzil. Mata na ɗora fure da 'yar fitila a kan ganye suna sakewa ruwa ya tafi da su. Wasu na rungume da tukunyar tokar gawar iyayensu da aka ƙona, suna neman jirgin da zai kai su tsakiya, daidai inda launi biyu suka haɗu, su zuba, su yi nutso. Masu jiragen can duk a zaune suke tuƙi, sun ba gaba baya. Sai Manu ya hangi wani baƙin mutum dogo a tsaye a gindin jirgi, fuskarsa na kallon inda za shi. Yana kawowa bakin magamar ya ɗaga sanda ya bugi gefen jirgi.

"Sau ukku, Bawa. Ƙasag ga ko dorina guda babu. Mi za ya sa mutum shi buga ma dorina jirgi inda babu ta, in ba ɗan gidanku na ba?"

Na ce to me ya hana shi kira? Ya ce kanka a aske yake ƙwal, ka ɗaura zane irin nasu, ga jan ɗigo a goshinka. "Na ji tsoron shi waiwayo, na kuma ji tsoron shi ƙi waiwayowa." Aka busa usur, suka hau mota. Ko sunan ƙauyen bai riƙe ba.

Yaya, tun ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In ina tudu ruwa nake so, in ina ruwa sai in ƙagu in sauka. Na je Birnin Kabi neman takardun soja, aka ce Baturen da ya san da su ya naɗe tabarmarsa ya tafi, wataƙila suna Kaduna, wataƙila gara ta gama da su. Na ƙetara Dahome wurin dangin Inna, ko wani tsohon sojan Faransa ya ji labari, sai ga jandarma na tambayata takarda a hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa. Kowa ya samu 'yancinsa, ni ban samu mai gaya mini inda wana yake ba.

Wani lokaci haushinka nake ji har in kasa cin tuwo. Kai ne fa mai tsoron gidan boka, wanda ko kiɗan bori ya ji sai ya sake hanya. Me ya zaunar da kai a can? Mace ce? Ko zazzaɓin ne ya wanke maka kai, ka manta sunanka, hannunka kaɗai ya tuna gida? Wani lokacin kuma sai in kama kaina ina murmushi. Duk faɗin Indiya, ba ka tashi neman abinci ko'ina ba sai a magama. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai wani likita Ba'indiye da gwamnati ta kawo asibiti, mutumin kirki, Hindu ne. Na kai masa kifi na ba shi labarin ta bakin malamin asibiti. Ya ce irin waɗannan magamai suna da yawa a ƙasarsu, amma ya san biyu ko uku da suka yi kama da wannan. Ya ce jan ɗigon ba lalle ya zama komai ba, tsohuwa in ta ji daɗin wanda ya kai ta lafiya takan shafa masa a goshi, kamar yadda namu ke sa albarka. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Shi zai tafi da takardar nan in ya je hutu, ya yi alkawarin bi mashigi mashigi yana tambayar baƙin matuƙi mai bugun jirgi.

Damina biyu na ɓoye wa Inna. Na ce gara ɗa a kabarin Musulmi da ɗa mai rai a inda ba ta san me yake bauta wa ba. Ina kallon ta tana toya maka masa, ina karɓa ina ci.

Bana ciwo ya kwantar da ita. Sai ta fara shiri kamar mai tafiya ganin gida, tana cewa ba ta jin komai, ai Arzika na can, zai tarbe ta. Yaya, na kasa barin ta ta tafi neman ka inda wataƙila ba ka nan. Na zauna a bakin gadonta na faɗa mata duka, har askin, har ɗigon.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Bugu nawa?" Na ce uku. Ta ce, "Shi na."

Daga wannan Juma'ar ta hana a toya masa, wai ba a yi wa mai rai sadakar matattu. Kullum da hantsi sai an ɗauke ta an kai ta inuwar mashigi. Idonta ba ya gani sosai, kunne take kasawa. Duk sanda na bugi jirgi a magama sai ta yunƙura ta tambayi wa ke tafe. Shi ya sa na daina bugawa, ina ratsa ruwan dorina shiru da mutane cike da jirgi, Allah kaɗai ke tsare mu. Na ɗauke mata kwanciyar hankalin da ƙaryar Manu ta ba ta, ban kuma san ko alheri na yi mata ba.

Saura abu guda, shi ne ainihin dalilin takardar nan. Shekaranjiya ta kamo hannuna ta matse, ta yi tambayar da na daɗe ina gudu. "Bawa, shina salla?"

Na ce, "Shina yi, Inna."

Ta saki hannuna, ta yi hamdala, ta yi barcin da ta yi makonni ba ta samu ba.

Ban ce ka dawo ba, na san nisan, kuma ba na jin za ka iske ta. Ba ni da faɗa da mutanen da kake kaiwa tsakiyar ruwa, ka ci gaba da kai su lafiya, ka dawo da su lafiya. Amma na yi maka shaida a gaban mahaifiyarmu a kan abin da ban gani ba, kuma da shaidar nan za ta shiga kabari. In takardar nan ta same ka da rai, ko mene ne ya faru da kai a shekarun nan, ka ɗaure jirgi, ka yi alwala, ka nemi alƙibla. Ko raka'a biyu ce, Yaya. Kada ka bar ni na yi wa Inna ƙarya.

Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu. In kana raye Ya tuna maka sunanka, in ka riga mu Ya yi maka rahama, ni kuma Ya yafe mini.

Ƙanenka,
Bawa mai fito,
Magama, ƙasar Bagudo.