Na taɓa ƙwan zabuwar daji

Kekun Waje, daren Talata, 18 ga Agusta, 1998

Barci ya ƙi zuwa. Littafin soyayyar ma layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Ɗazu da na kai wa su Baba abinci gona, na laɓe bayan sabara in ɗan yi karatu, sai zabuwar daji ta tashi fir daga gefen ƙafata. Ƙwai sha ɗaya! Na ɗauki guda da ɗuminsa, na manna a kumatuna, na mayar.

Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Da hannu? Ke dai! Da ludayi ake taɓa su. In ta ji warin mutum ta bar su ke nan."

Ashe Yaya Sani yana ji. "Wace sabarar, gimbiya?" Ni kuma ban iya ƙarya ba, na faɗa masa. Bara da ya shigo da zabi uku rataye a kafaɗa na fi kowa cin nama. Tun magariba ya je ya kafa tarko.

In ta dawo, tarko ya kama ta. In ba ta dawo ba, ƙwan su huce. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa wanne zan roƙa.