Mai Riƙe wa Baba Ƙwallo

Rannvá,

Gaisuwa irin ta uba, tunda ita ba a jefa ƙuri'a a kanta. Ina lafiya, tumaki ma lafiya. Ina ganin kiranki, ɗauka ce ba na yi, kada ki ce wayar ta lalace.

Na ji a rediyo kwamitinku na filayen ƙwallo ya gama da namu na bakin teku. Za a naɗe ciyawar roba kamar tabarma, a jera motocin 'yan yawon buɗe ido a inda muka fasa dutse da hannunmu. An ce har da sa hannunki. Madalla da karatu. Asabar ta sama za a buga wasan ƙarshe. Ban ce ki zo ba, sanar da ke nake yi.

Mahaifinki,
Hanus

*

Baba,

Ina gaisuwa, tare da gaida tumakin da suka fi ni samun amsa.

E, na sa hannu. Teku na cin katangar arewa duk hunturu, ƙungiyar ƙauye kuma ba ta cika sha ɗaya sai an roƙi fasto ya tsaya a raga. Yara za su samu sabon fili bayan tudu, inda ba sai an bi ƙwallo da kwalekwale ba.

Ka zo nan birnin Tórshavn ka ga babban filin ƙasa ko sau ɗaya. Akwai rumfa, akwai fitilu, akwai kujerar da ba ta jiƙa wando. Baƙi daga manyan ƙasashe kan sauka suna yi mana dariya, wai tumakinmu sun fi mu yawa. Wasu da dariyar suke komawa, wasu kuwa ko sallama babu. Ni kaina idan aka tashi taken ƙasa nakan share ido, amma nakan ɗora wa sanyi laifi.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Rannvá

*

'Yar kwamiti,

Na ga taki. Filin da iska ba ta shiga, ban san me ake bugawa a ciki ba.

Kin san a nan ƙwallo ba ya zama wuri ɗaya, sai wani ya durƙusa ya danne shi da yatsa kafin a buga. Ranar da muka buɗe filin ni aka ba bugun farko, mahaifiyarki ce ta danne mini, da jar safar hannunta, tana ɗauke da cikinki wata bakwai. Kin ga ke nan kin taɓa riƙe mini sau ɗaya, ko ba ki sani ba.

Yanzu sun ce ni zan yi bugun ƙarshe, in aika ƙwallon cikin teku, kowa ya tafi gida. Ita ba ta nan. Maƙwabcina Jógvan ya ce zai riƙe, amma hannunsa rawa yake yi ko babu iska. Har yanzu ban ce ki zo ba.

Hanus

*

Ƙanena Tróndur,

Da fatan kana lafiya, Kopenhagen kuma tana ci gaba da ɗaukar kanta tsakiyar duniya. Ka nemi labari, ga shi.

Na je. Ina sauka daga bas Inna Súsanna mai shago ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “A'a, hukuma ce da kanta? Awo kika zo yi ko ta'aziyya?” Na ce duka biyun. Ta ce, “To ci wani abu tukuna, ba a rushe gari da yunwa,” ta miƙo mini busasshen naman tunkiya a kan burodi.

Kaf ƙauyen ya hau kan duwatsu, har waɗanda suka yi shekaru ba sa gaisawa. An tashi kunnen doki, fasto ya sha biyu. Sai aka kira Baba. Ya fito da tsohuwar rigar ƙungiya a kan rigar sanyi. Jógvan ya fara laluben yadda zai durƙusa, na ce, “Kawu, bari, in ka sauka sai an kira motar ɗaga kaya.” Baba bai dube ni ba. Hannu kawai ya sa a aljihu ya jefo mini jar safar Mama, guda ɗaya.

Na durƙusa cikin ruwa da wandona na ofis. Ya ce, “Yatsa ɗaya, ba sa hannu kike yi ba.” Na ce, “Ka dai sami ƙwallon, ba ni ba.”

Tróndur, tsohon nan ya buga. Ƙwallo ya tashi ya haye katanga, ya tsaya a sama bisa teku kamar mai shawara, sai iska ta juyo da shi ta dire shi a tsakiyar fili. Can Jógvan ya ce, “To, ba a nemi ra'ayinta ba a kwamiti.” Aka fashe da dariya, maza suka kama hannun juna suka shiga rawar zobe a kan ciyawar da za a naɗe jibi. Baba ya kama nawa ya ja ni ciki.

Na karanta tarihin duk filayen ƙasar nan, ban ga wanda ya ƙi karɓar sallama ba sai namu. Ra'ayina bai sauya ba, rufe shi ne daidai. Amma duk wanda ya kira shi ƙaramin fili a gabana, zai ji.

Yayarka,
Rannvá

*

Baba,

Barka da asuba. Kana wajen tumaki, bas kuma ba ya jira. Tikitin wasan ƙasa na Asabar yana ƙarƙashin kofinka, na zaɓi kujerar da iska ta fi duka. Safar Mama tana aljihuna. Idan kana so, ka san inda za ka same ta.

Zan ja ƙofar da ƙarfi, na san ba ta kamawa sai an buga.

'Yarka,
Rannvá