Ma'aikata Biyar a Ofishin Auta

Auta ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu nan lau muke, sai keken ɗinkina da ke tsufa tare da mai shi.

Jiya na buɗe shafin kamfaninka na intanet, na ga hoton ma'aikatanka su biyar kewaye da tebur, kowa baki har kunne. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Tun rasuwar Inna da tafiyarka nake kwana nake tashi da tunanin kana can kai kaɗai kamar maye. Ashe har ofis gare ka. To na fasa zuwan da na ce zan yi, tunda kana da jama'a. Ka gaishe min da mai gilashin nan, da ganinta za ta yi hankali. Ni dai ban ce komai ba.

Ga tawa buƙatar. Ina son shafi na labulayen da nake ɗinkawa. Na gwada manhajar nan mai zana hoto, na rubuta mata "labule mai kyau", ta ba ni wani falo da ko a mafarki ban taɓa shiga ba. Ka koya min.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙonki ya iso.

"Mai kyau" ba ya gaya wa na'ura komai. Ki yi mata kwatance kamar kina aiken wanda bai san gidanki ba: labule ruwan toka, taga ɗaya, hasken safe daga hagu, bango da ɗan tabo. Tabon ne ke sa mutane su yarda. In kin sa mutum a hoton, ki ƙirga yatsunsa, ki duba agogon bango, a nan ne take yawan kwafsawa. Shafin kuwa ni zan haɗa miki. Hotunan kada su yi nauyi, don ya buɗe da sauri a waya, lambarki kuma a can sama inda mai saye zai fara gani.

Mutanen ofis suna amsawa. Aiki ya sha mana kai, gara da kika fasa zuwan. Ki huta lafiya.

Ƙaninki

Auta,

Ina gaisuwa. Malami ya iya koyarwa, labulena ya fito kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Sai dai ka san ni da karambani. Na koma hoton ofishinka na yi aiki da darasinka. Mai gilashin da nake wa tanadin lefe yatsu shida gare ta a hannun dama. Agogon bangonku lambar uku ta fito har sau biyu. Mutum biyar, kofi shida, ga kujera ɗaya ba kowa a kai.

Ban ji haushi ba, tsoro na ji. Sati biyu ke nan ina kiran wayarka ba ka ɗauka. Da wa kake cin abinci?

Yayarka

Yaya,

Ki gafarce ni. Kunya ce ta hana ni ɗaukar wayar.

Babu ofis. Ɗaki ɗaya ne a hawa na uku, tebur ɗaya, kujera ɗaya, fanka mai ƙara. Masu ba da aiki ba sa sakin jiki da mutum ɗaya, shi ya sa na zana wa kaina ma'aikata. Da farko don aiki ne. Kofi na shida da kujerar nan kuwa ba kuskuren na'ura ba ne, ni na ce ta bar min wuri.

Kin tambayi wanda nake cin abinci da shi. Nakan buɗe hoton, in ajiye farantina a gaban kwamfuta. Makon jiya na lissafa, kwana tara ban yi magana da kowa ba sai "sannu" da na ce wa mai gadi. Da kika ce kin fasa zuwa na ce miki gara. Ƙarya nake, Yaya, ranar ko ruwa da ƙyar na sha. Kaɗaici ya ishe ni.

Allah ya bar min ke.

Autanki

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, ina haɗa kaya. Rubuta wa na'urarka wannan: mace ɗaya mai jiki, jaka biyu, labule ruwan toka a kafaɗa, tana haki a hawa na uku ranar Asabar da hantsi. Yatsunta goma cif, ɗaya da tabon allura.

Ka aro kujera wajen mai gadi. Sai na zo.

Yayarka