Takardar Sufeto Kujera Da Muka Makara Wajen Sa Wa Hannu

Cikin alhini, da wata kunya da muka rasa inda za mu ajiye ta, Ƙungiyar Matan Zango ta Mount Hope da ke Bronx ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu, mai girma Alhaji Sumani Barmo, Sufeton 'yan sanda mai ritaya, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya shekara tara yana horar da sababbin 'yan sanda a wata ƙasar Afirka ta Yamma da ta fito daga yaƙi, a makarantar da ƙasashe masu ba da tallafi suka gina. Su motoci da kwamfutoci suke ta aikowa, shi kuwa a kan kujera ya kafe. A cewarsa, matar da masu kaki suka ƙona wa gida ba za ta buɗe baki gaban mai kaki ba sai an ba ta wurin zama da ruwa, an tura ƙofa. Shi ya sa ake ce masa Sufeto Kujera. Ni ce ma na raɗa masa, bai kuwa taɓa fushi ba, sai dai ya ce in kawo ragon suna.

Da ya ji masu tallafin za su janye a ƙarshen shekarar nan, a kuma rufe makarantar, sai ya rubuta takardar roƙo, ya riƙa yawo da ita a tasin da yake tuƙawa nan Bronx, shago-shago a Fordham Road, yana neman sa hannu. Sau uku yana kawo mana ita wurin taro. Na farko muna rabon anko, na biyu muna rigimar wadda ta ƙona abincin suna. Na uku, ni da bakina na ce ya bari sai bayan Sallah, ai takarda ba ruɓewa za ta yi ba. Bai kai Sallar ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Hajiya Raudatu, da 'ya'yansa Fu'ad da Sumaya, da dukkan dangi na nan da na gida. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Hajiya Raudatu ta samo takardar a cikin motar. Jiya a zaman makoki duk mun sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba suka dangwala yatsa. Ranar Litinin za mu kai ta ofishin masu tallafin a Manhattan, kuma ba za mu taso ba sai an karɓa. Ba mu san ko za su ba mu wurin zama ba, don haka kowace ta zo da kujerarta.

Hajiya Safiatu Sulaimanu
Mai magana da yawun Ƙungiyar Matan Zango, Mount Hope